Tazarar Tsinken Ashana

Kafinta bai taɓa sa taba a bakinsa ba, amma shekara talatin da ɗoriya ke nan ba a raba aljihunsa da kwalin ashana. Aiki ɗaya take masa. Idan ya gama kafa ƙofa, sai ya zaro tsinke guda, ya zura shi tsakanin ƙyauren da firam, ya bi da shi daga sama har ƙasa. In tsinken ya wuce sumul, aiki ya yi. In ya maƙale, sai ya sauke ƙyauren ya ƙara goge shi, ko da mai gida yana tsaye yana rantsuwa cewa haka ma ya yi. A wurin tsohon da ya koya masa sana'a ya gaji wannan. Tsohon yakan ce katako bai san an sare shi ba. Da zarar ya ji ƙamshin ruwan sama sai ya tuna shi itace ne, ya sha, ya kumbura, kuma wanda bai bar masa wurin kumbura ba, shi da ƙofarsa za su yi ta kokawa.

Shagon Kafinta yana ƙarshen wani lungu, rufin kwano ne mai huji uku. Da hantsi rana kan shigo ta hujin nan ta tsaya a tsakar shagon kamar sanduna uku, garin katako yana yawo a cikinsu a hankali, bai hau ba, bai sauka ba. Jikin shagon akwai na mai walda, wanda kowa ke kira Tartsatsi. Shekara ashirin suna maƙwabtaka, shekara ashirin suna musu ɗaya. Tartsatsi ya ce katako abincin gara ne, Kafinta ya ce ƙarfe abincin tsatsa ne, kuma gara ta fi tsatsa kunya, tunda ita a ɓoye take cin nata.

A bara ne babban yatsansa na dama ya fara motsi shi kaɗai, kamar yana murza zaren da ba a gani. Daga yatsa abin ya kama hannu. Likitar da ya gani, wata mai magana a hankali, ta sa shi ya miƙa hannuwa, ya taɓa hancinsa, ya yi tafiya zuwa bango ya dawo. Ta ce ciwon ba mai tafiya ba ne, magani yana rage masa sauri ne kawai. Kafinta yana jinta, amma idonsa yana kan ƙofar ofishinta, wadda wani ya kafa a karkace.

Matarsa kaɗai ya gaya wa, ya kuma roƙe ta kada Auta ta ji.

Auta ita ce ƙaramar 'ya'yansa, ita kaɗai ta rage a gida, tela ce. Tun ranar da aka haife ta, 'yar mitsitsiya kamar ba za ta kwana ba, hankalinsa bai taɓa kwanciya a kanta ba. In ta yi tari shi ke rasa barci. In ta yi jinkirin dawowa, sai ya fita bakin titi ya tsaya yana duban agogo, idan ya hango ta kuma ya yi kamar iska ya fito sha. Ya gaya wa matarsa cewa in yarinyar nan ta sani, ajiye keken ɗinki za ta yi ta zauna gadinsa. Wannan gaskiya ne. Akwai kuma wadda bai faɗa ba: ba ya son ranar da Auta za ta dube shi irin duban da ake wa kujerar da ta fara lilo, a zauna a kanta a hankali.

Matar ta ce ta ji, amma rana ba ta ɓoyuwa da tafin hannu, balle hannun da ke rawa. Ya ce ba karin magana ya tambaye ta ba.

Haka ya shiga ɓoyo a cikin gidansa. Shayi ya koma sha da hagu, rabin kofi. In Auta tana falo, hannun dama yana aljihu. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne maɓallin riga. Sai ya shige ɗaki ya tura ƙofa, ya yi ta fama har gumi ya tsatso masa. Amma a 'yan watannin nan maɓallan sun daina yi masa gardama, suna shiga da kansu. Ya ɗauka magani ne ya fara aiki, har ya yi niyyar gaya wa likita.

Wata rana ya kafa ƙofofi biyu a wani sabon gini. Mai kula da ginin, wani mai takalmi mai sheƙi, ya tsaya ya ga haske yana ratsowa siriri ta gefen ƙyauren. Bai san Kafinta yana bayan bango yana tattara kayan aiki ba. Ya ce wa na kusa da shi tsohon nan hannunsa ya fara zamewa, dubi yadda ya rage katako har ana hango waje. A da, da Kafinta ya fito ya zaro tsinke ya ba shi darasi har sai ya ji kunya. Ranar nan bai fito ba. Ya tsaya a bayan bangon, hannunsa yana kaɗawa a cikin aljihu, kwalin ashanar yana 'yar ƙara.

Ba a yi sati biyu ba Auta ta shigo da labari. Bayan shekara bakwai tana ɗinki a shagon wata, ta sami nata: ɗan ɗaki a bakin titi, taga ɗaya mai ƙarafa, sai dai gara ta cinye ƙofar. Tartsatsi yana ji ya ce zai yi mata ta ƙarfe, wadda jikokinta za su gada. Auta ta yi dariya ta ce, "Kawu, ina 'yar kafinta a gan ni da ƙofar ƙarfe? Ai sai a ce Baba ya rasu."

Kowa ya yi dariya. Kafinta ma ya yi.

Ya zaɓo katakon da ya daɗe yana ajiya a saman rufi, busasshe, mai launin zuma. Kwana tara ya yi a kan aikin da a da yake gamawa a uku. Ya gano cewa in ya danna magogin katako da nauyin jikinsa duka, rawar takan lafa har ya kai ƙarshen layi. Ya gano kuma cewa da safe, bayan ya sha magani, yana da kamar awa biyu da hannun yake nasa. A cikin awa biyun nan yake yanka da awo. Sauran yinin sai ya zauna yana shafa katakon, yana kallon sandunan rana suna tafiya daga wannan bango zuwa wancan.

A rana ta bakwai, bayan azahar, barci ya ɗauke shi a kan benci. Ya ga kansa a wani fili mai ciyawa, ba gida ko ɗaya, sai ƙofofi tsaye su kaɗai, ba bango, ba rufi. Ya gane su duka. Ga ta farko da ya yi, mai karkataccen ƙasa. Ga ta ɗakin da aka haifi Auta. Iska tana buɗe su tana rufewa a hankali, kowace da siririn haske a gefenta. Can nesa tsohon da ya koya masa aiki yana tafe daga ƙofa zuwa ƙofa, fensir a bayan kunne, yana zura tsinke. Kafinta ya so ya ɓoye hannunsa, sai ya ga rigar ba ta da aljihu. Tsohon ya iso, ya dubi hannun, ya miƙo masa tsinke. Kafin ya karɓa, Tartsatsi ya kunna injinsa, ya farka.

Ya daɗe zaune yana duban ƙyauren. Saura a rage gefensa kaurin tsinken ashana. Sai ya tuna mai takalmi mai sheƙi. Ya hango ranar buɗe shago, ƙawayen Auta da maƙwabta sun taru, wani ya nuna hasken da yatsa, Auta ta kalli hasken, ta kalli hannunsa. Ya ajiye magogin gefe, bai rage ba.

Ranar da ya kafa ƙofar, kwalin ashana bai fito daga aljihu ba. Ƙyauren ya shige firam ɗinsa cif, ko gashi ba zai ratsa ba. Mai kantin da ke kusa ya buɗe ya rufe sau uku, ya ce wannan ai ƙofar firij ce. Auta ta shafa katakon ta ce ba ta taɓa ganin ƙofa mai kyanta ba. Tartsatsi kaɗai ya tsaya yana duban gefen ƙyauren. A hanyar komawa ya tambayi Kafinta ina tsinken yau. Kafinta ya ce katakon ya bushe sosai, ba ya buƙata. Tartsatsi ya dube shi ta gefen ido, ya ce to, shi dai ƙarfe ya sani.

Tsawon wata guda ƙofar tana buɗewa tana rufewa ba ƙara. Kullum da yamma Kafinta yakan bi ta titin kamar wucewa yake, ya ji ƙarar keken ɗinki, ya dubi ƙofar, sannan ya ɗaga kai ya dubi sama.

Sai ruwa ya zo. Ba mai tsawa ba, irin mai sauka a hankali ya ƙi ɗaukewa. Kwana ɗaya, kwana biyu. Gishiri ya jiƙe a cikin gwangwani, tufafi suka ƙi bushewa a igiya. A shago, hujin nan uku suka koma ɗigo uku, kowane da bokitinsa da irin sautinsa. Kafinta yana zaune a tsakaninsu yana jin katakai suna 'yar ƙara a saman rufi, suna miƙa kamar masu tashi daga barci. Ya san abin da ke faruwa a can bakin titi kamar a jikinsa ake yi. Sau biyu ya ɗauki magogi zai fita, sau biyu ya ajiye, don in ya je sai ya yi aikin a gabanta.

A rana ta uku, wajen la'asar, wayarsa ta yi ƙara. Auta ce, muryarta da dariya a ciki. Ta ce feshin ruwa ya dame ta ta tura ƙofa da ƙarfi, yanzu ta ja ta ja ta ƙi buɗuwa, mai kanti ma ya sa kafaɗa ya gaji.

"Baba, ƙofarka ta kama ni. Ka zo ka yi belina."

Bai tsaya neman lema ba. Ya zuba guduma da magogi da ɗan guntun katako a jaka. Tartsatsi ya gan shi ya fito a rikice, ya jawo wani dogon ƙarfe ya biyo shi, yana cewa yau dai ƙarfe zai ceci katako.

Titin ya zama kamar kogi marar zurfi, shaguna suna kwance a cikinsa a kife. Kafinta yana tafe yana lissafa abin da zai iya faruwa: wayar lantarki ta jiƙe, dutsen guga ya kama da wuta, yarinya a ciki, taga da ƙarafa. Da suka iso ya tarar da ita ta jingina da tagar, tef ɗin awo a wuya, tana cin gyaɗa.

Tartsatsi ya soka bakin ƙarfensa zai ɓanɓare. Kafinta ya riƙe shi, ya ce in ya taɓa ƙofar nan da wannan abin, maƙwabtakarsu ta ƙare. Ya matsa ya kara kunne, ya bi gefen ƙyauren yana ƙwanƙwasawa da hagu. Ƙasa tana amsawa, tsakiya tana amsawa. A kusurwar sama sautin ya mutu. Nan ta cije. Abin da ake buƙata kaɗan ne: a ɗora guntun katako a wurin, a buga masa guduma sau biyu, daidai, ba da hauka ba.

Ya ɗora guntun da hagu. Ya zaro hannun dama daga aljihu ya ɗauki guduma. Maganin safe ya daɗe da sakinsa, ga sanyi, ga tsoron da ya kwaso a hanya. Gudumar ta shiga kaɗawa a sama kamar reshe a iska. Tagar tana nan dab da kafaɗarsa. Bai juya ba, amma ya ji Auta ta daina tauna gyaɗa.

Ya kai bugu, ya sami firam. Ya sake, ya goge yatsansa. Ruwa yana bin ƙeyarsa yana shiga riga. Ya tsaya da gudumar a hannu tana rawa, a fili, a bakin titi, mai kanti yana kallo. Abin mamaki, sai ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, kamar wanda ya daɗe da ɗaukar katako a ka aka ce ya ajiye nan.

Ya miƙa wa Tartsatsi gudumar. "Riƙe. Ni zan nuna maka wuri, kai ka buga. A hankali, ba ƙarfe ba ne."

Tartsatsi ya dubi hannun, ya karɓi gudumar. Ya buga sau biyu inda aka nuna masa. Ƙofar ta yi wani nishi ta buɗe.

Suka kwance ƙyauren suka shigar da shi ciki, suka kwantar da shi a gefe tsakanin kujeru biyu. Shagon yana ƙamshin sabon yadi da man keke. Inda katakon ya cije ya yi sheƙi, ba sai an sa fensir ba. Tartsatsi ya ce zai je ya ga ko mai kanti yana da ruwan zafi, ya fita, ya daɗe bai dawo ba.

Kafinta ya ɗora magogin, bakinsa yana ƙwanƙwasar katakon saboda rawa. Bai ɗago ba ya ce, "Kin gani."

"Na gani, Baba."

"Mamanki ce ta gaya miki."

"Mama ba ta ce komai ba. Rigunanka ne suka gaya mini." Ta zo ta tsaya a gabansa, ta kama gaban rigarsa da yatsu biyu kamar mai duba aikin wani. "Wata biyar ke nan ina bin su ɗaya bayan ɗaya in an wanke. Ina farke ramin maɓallin in ƙara masa faɗi kaɗan, in sake ɗaure bakin. Wannan ce ta ƙarshe da na yi."

Ya sunkuya ya duba. Ramin ya fi maɓallin da 'yar tazara, an bi bakinsa da zare mai launin rigar, ɗinki ƙanana, a jere. Shekara talatin yana duban aikin hannu, bai ga wannan ba, alhali a ƙirjinsa yake.

"Ni da na ce magani ne," ya ce.

"To kada ka gaya wa likita, kar ta ji haushi."

Ya yi dariya, dariyar ta so ta zama wani abu, ya tsayar da ita da tari. Ya tambaye ta me ya sa ba ta yi magana ba. Ta ce ta ga yana ta wahalar ɓoyewa, ta ji nauyin ta ɓata masa aiki. Sai ya faɗi abin da ke ransa tun bara, cewa ba ya son ta rufe shago saboda shi. Auta ta ce wa ya ce za ta rufe, ita da ke da ɗinkin mutum goma sha ɗaya a rataye, kuma ai ko ta so rufewa, ƙofar da ya yi mata ba ta rufuwa sai da rigima.

"Laifina ne," ya ce. "Na san za ta kumbura. Tun ina yanka na sani."

"To a rage ta."

Ta ɗora hannunta a kan mariƙin magogin na gaba, shi yana riƙe da na baya. Ya ce kada ta danna, ta bi shi kawai. Suka tura. Rawar tana nan, yana jin tana ratsa ƙarfen tana shiga hannunta, amma bakin magogin ya zauna. Ɓawon katako ya fito dogo, ya nannaɗe, ya faɗi a kan ƙyallayen da ke ƙasa. Jiƙaƙƙen katakon ya saki ƙamshi, ƙamshin daji bayan ruwa, har Kafinta ya ga kamar ciyawar nan ta mafarki tana kaɗawa a bakin ƙofar da babu ƙyaure. Suka sake turawa. Ya ce ta sassauta a ƙarshe kada ta ci kusurwa. Ta ce haka take gaya wa masu koyon yanka.

Tartsatsi ya dawo da kofi uku a faranti, suka mayar da ƙyauren tare, shi yana ɗaure ƙarafan ƙyauren yana gunaguni cewa an mayar da babban mai walda ɗan aike. Da aka gama, Kafinta ya zaro kwalin ashana. Ya jiƙe, ya yi laushi. Ya yi ta fama bai kama tsinke ba, ba wanda ya karɓe masa, har ya kama. Ya zura shi a sama ya biyo da shi, tsinken yana rawa yana sauka, bai maƙale ko'ina ba har ƙasa.

Suka rufe ƙofar saboda feshi. Siririn haske ya tsaya a gefenta, fari-fari, irin na yammacin ruwa. Auta ta koma kan keke. Tartsatsi ya miƙo masa shayi, cike har baki, sannan ya tuna, ya rage a nasa kofin. Kafinta ya karɓa da dama. Kofin yana ƙara a kan faranti, kaɗan ya zube masa a gwiwa, ya bar shi. Ya tambayi Auta ko wayar dutsen gugar nan ba ta yi kusa da taga ba. Ta ce za ta matsar. Ya ce yanzu dai. Ta tashi ta matsar.